Gaskiya Ta Huɗu

Sallama a gare ku masu bin labarina. In yau ka fara zama da mu, matso kusa. Sunana Lariba, 'yar Malam Tahidu tela, gidanmu na Sabonjida a cikin Tamale, kuma ciwona ɗaya ne a duniya: kunya. Ba irin wadda ake yabon 'ya mace da ita ba. Tawa mai ɗaure harshe ce. A 'yar makarantar da na yi kafin in bari, sai da malaminmu ya aiko gida yana tambaya ko ina ji da kunne.

To, yarinya irin wannan ce aka wayi gari ƙunshin goro biyu na jiran amsarta.

Shekarar 1983 ce, shekarar da ruwa ya ƙi sauka, wuta ta cinye gonaki, mutane suka koma shiga layi tun ba su san abin da ake rabawa a gaba ba. Sabulu layi, sukari layi, kananzir layi. Tuwonmu ya koma na masarar taimako mai ruwan ɗorawa, wadda Mma ke cewa ko kaji sai sun yi shawara kafin su ci. A irin wannan lokaci goro ba abin wasa ba ne. Amma ga shi har ƙunshi biyu a ƙarƙashin gadon Baba, kowanne a nannaɗe cikin ganye, kullum da safe Mma na yayyafa musu ruwa kada su bushe.

Na farko na Imoru ne, ɗan Gwaggo Adijatu, yayar Baba. Taubashina ne, tun muna yara yake kirana "matata" yana ƙwace mini ƙosai. Ya tafi Legas neman arziki, da aka koro mutanenmu daga can a farkon shekarar sai ya dawo a bayan lori da katifa ɗaya, da wando mai faɗin ƙafa, da baƙin tabarau, da wata ƙatuwar rediyo mai kaset wadda sai a kafaɗa ake ɗaukarta. Unguwa ta sa masa suna Imoru Agege. Rediyon nan tun da ta shigo Ghana ba ta ce uffan ba, don batir take ci kamar tana jin haushinsa, batir kuwa ko a hannun 'yan kalabule, masu sayar da kaya ta bayan fage, sai da rantsuwa. Duk da haka kullum ya zo gidanmu da ita yake zuwa, ya zaunar da ita kusa da shi, ya goge ta da hankici. Mma ta ce da ni da rediyon halinmu ɗaya, shi ya sa yake son mu.

Na biyu na Sidiki ne.

Bari in ɗan ja numfashi.

Sidiki mai gyaran keke ne a Aboabo, rumfarsa na kallon inda muke sayar da koko ni da Mma da safe. Gajere ne, kunnuwansa a buɗe kamar suna shan iska. Rigarsa fugu guda ɗaya ce, saƙin Dagomba, ta koɗe har ba ka iya cewa baƙa ce ko shuɗiya. Kullum zai zo da kofinsa ya yi mini ina kwana da yaren Dagomba, ya ce, "Dasiba, Lariba." Ni kuma in ce wa tukunyar koko, "Naa." Iyakar rabona a hirar ke nan. Sauran shi yake yi. Tunda tukunyar nake kallo, sai ya koma hira da ita, ya tambaye ta ya gajiya, ya yara, ludayi ya daina yawon dare? Ni ina cije leɓe kada dariya ta kuɓuce mini, in Mma ta juya baya in ƙara masa rabin ludayi.

Amma ba gyaran keke ne ya sa Tamale ta san shi ba. Shirin Tsinci Gaskiya ne.

Duk Alhamis bayan la'asar ake yin sa a gidan rediyo, kai tsaye. Malam Issah mai gabatarwa zai ba mutum batu guda, ko jaki, ko gishiri, ko aski, ya ce yi bayani. Sharaɗin shi ne duk abin da zai faɗa ƙarya ne, sai gaskiya uku kacal da Malam Issah ya tono ya raɗa masa tun kafin a fara, irin gaskiyar da ta fi ƙarya kama da ƙarya. Shi kuma ya cusa su a cikin shirmensa. Alƙalai na zaune, kowa da ƙararrawar keke a gabansa. Ka ji abin da kake zaton gaskiya ne, ka kaɗa. Ka dace, maki naka ne. Ka kaɗa a kan ƙarya, 'yan kallo su yi maka ihu. Gaskiyar da ta wuce ba wanda ya kaɗa, makin mai magana ne. A shekarar da ciki ba ya cika, wannan shiri shi ne miyar garin. Kuma ba a taɓa kama Sidiki duka ukun ba.

A gidanmu akwai akwatin rediyo na waya, irin wanda ake kafa wa mutum a bango, ba ruwansa da batir, maɓallinsa ɗaya. Ranar Alhamis maƙwabta kan cika tsakar gidanmu, kuma Baba ya kafa tasa dokar. A kifa tasar wanke-wanke a tsakiya, a ɗora ludayin ƙarfe a kai. Wanda ya ji gaskiya ya buga. In ya dace, Sarkin Kunne ake kiransa har wata Alhamis. In ya faɗi, zai ɗebo jarka ɗaya daga dam ya juye a randar gida. Wanda ya san wahalar ruwan Tamale ya san wannan ba ƙaramar tara ba ce.

Wa ya fi kowa zuwa dam? Mai dokar. Maƙwabta su ce, "Malam, bari a tura wani," ya ce shi ya kafa, shi zai fara bi. Ya ɗaura jarka a bayan keke ya tafi. Hanyar dam ta lanƙwasa masa taya, keke ya koma rumfar Sidiki.

"Ya yi ƙarya in tafi dam, dam ya karya keke, keke ya koma wurinsa," in ji Baba, yana duban Mma. "Asmawu, kina ganin yaron nan ba da shiri yake yi ba?"

"Ai kyauta yake gyara maka, Malam."

"Shi ne abin da ya fi ba ni tsoro."

Da goron Sidiki ya iso, abin da Baba ya fara cewa shi ne, mutumin da bai iya raba gaskiyarsa da ƙaryarsa a cikin akwati ba, yaya zai raba su in ya shigo masa zaure?

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai ku: ni ina rabawa. In Sidiki na ƙarya, muryarsa gudu take yi kamar keke a gangare. In ya zo kan gaskiya sai ta ɗan taka birki, ta yi ƙasa, kamar yana jin nauyinta. A bakin tukunyar koko na koyi wannan. Duk Alhamis ina zaune bayan Mma ina tsintar tsakuwa a wake, ina kama gaskiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya a zuciyata. Ko sau ɗaya ban kusanci tasar ba.

A farkon satin nan Baba ya kira ni ɗakin ɗinkinsa. Gwaggo na zaune a kujerar baƙi, ta kafa ɗaurin kallabi mai tsayi, ta yafa mayafinta ruwan toka wanda ba ta fito da shi sai za a yanke magana.

"Lariba," in ji Baba, "ni ba zan zaɓar miki ba. Goro biyu ne, miji ɗaya ake yi. Wanne za a mayar?"

Na kafa wa fedar keken ɗinki ido. Amsar na nan a raina. Ta ƙi fitowa.

"Ka gani ko," in ji Gwaggo. "Ta yi shiru. Ta yarda ke nan."

"Ta yarda da wa, Yaya? Mutum biyu ake magana."

"Da na gida mana. Wa ya taɓa yarda da bare da shiru?"

Mma ta leƙo daga bakin ƙofa. "Yaya, wannan ko tambayarta kika yi za ta ci tuwo, shirun nan za ta yi miki."

"In an kawo tuwon tana ci ko ba ta ci?"

Mma ta koma madafi.

Baba ya cire tabaransa ya murza ido. Ya ce, "Na ba ki zuwa Juma'a, kafin mu tafi masallaci. In ba ki ce komai ba, maganar Yaya zan ɗauka, don ita ce babba, kuma goro ba ya jira."

Wallahi na yi ƙoƙari. Na sa kai cikin randa na faɗi sunan, ya fito sarai har da amsa-kuwa. Na gaya wa akuyar maƙwabta, ta dube ni tana tauna. Na ɗaura zane da kyau na tafi gaban Baba, na durƙusa, na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarsa ko a kawo masa ruwa. Sau uku a yini ɗaya na kai masa ruwa. A na ƙarshen ya ce, "Ke, ni ba shuka ba ne."

Gwaggo kuwa ba ta jira Juma'a ba. Ranar Laraba ina tsaye kan tukunya na hange ta a rumfar Sidiki, tana magana tana nuna shi da carbi. Shi yana durƙushe, sarƙar keke a hannunsa.

Washegari ya zo da kofinsa. Bai gai da tukunya ba.

"Dasiba, Lariba."

"Naa."

"An ce in turo a karɓi goro gobe." Muryar ta yi ƙasa, irin ta gaskiya. "Ba komai. Imoru mutumin kirki ne, kuma jininki ne. Allah ya sa alheri."

Na so in ce ba ni na aiko ba. Na so in ce tsaya. Abin da na iya kawai shi ne zuba koko. Na zuba, na zuba, har kofi ya cika ya tumbatsa ya ƙona masa yatsu. Ya dubi hannunsa, ya dube ni, ya yi ɗan murmushi ya tafi. Mma ta ga komai. Ba ta yi mini faɗan asarar koko ba, shi ya fi sa ni jin kamar in nutse.

Da la'asar tsakar gida ta cika. Ina sanye da rigar da Baba ya haɗa mini da guntayen yadin mutane, gabanta atamfa mai ganye, hannu ɗaya kore, ɗayan kusan kore. Na ja faifan wake na ɓuya bayan Mma. Sai ga Gwaggo, wadda kullum ke kiran shirin taron maƙaryata, ta shigo da mayafin nan ruwan toka. Imoru na biye da ita, rediyo a kafaɗa, takalminsa mai tudu na ƙwas-ƙwas.

"Matata, ba gaisuwa?" Ya zaunar da rediyon a kan kujera kamar baƙuwa. "A Eko fa mata da hannu suke gaisawa."

"Shi ya sa aka koro ku," in ji Mma.

Aka yi dariya, har da shi. Ku fahimce ni, ba ƙin Imoru nake ba. Ɗan uwana ne. Matsalar ke nan ma, ɗan uwana ne kawai.

Baba ya murɗa maɓalli, ya zauna kusa da tasa, ludayi a hannu.

"Jama'a barkanmu da la'asar," in ji Malam Issah daga cikin akwati. "Alƙalanmu na yau, Hajiya Kadiatu mai abinci da Ticha Saibu. Batu kuwa keke ne. Sidiki, yau gonarka aka kawo ka. Bismillah."

"Na gode, Malam. Shi dai keke, kamar yadda kowa ya sani, asalinsa dabba ne. A dajin Salaga ake kama shi yana ƙarami, a ɗaure shi a turke a riƙa ba shi dusa. In ya girma ƙahonninsa su lanƙwashe, su ne kuke riƙewa. Macen ita ce wadda ba ta da sandar tsakiya, kuma ba a hawanta ranar da ta haihu."

Tsakar gida ta ɗauka. Wata tsohuwa a kusa da ni ta riƙe haƙarƙari tana cewa yaron nan zai kashe ta.

"Da Turawa suka ga haka sai suka ce su ma za su ƙera nasu. Amma kekunansu na farko ba su da feda, da ƙafa mutum ke turawa a ƙasa kamar agwagwa." Muryar ta taka birki. Na ce a raina, ɗaya. Ba wanda ya motsa. "Daga baya aka tura keke yaƙi, ya yi jarumta har aka ba shi muƙamin kofur, da igiya biyu a kan taya."

Ƙwam. Baba ya buga tasa. "Turawa za su aikata," ya ce. A daidai nan ƙararrawar Ticha Saibu ta yi ƙara a cikin akwati.

"Ticha, ƙarya ce," in ji Malam Issah. 'Yan kallo suka yi ihu.

"Malam, jarkar tana bayan ƙofa," in ji Mma a hankali.

"Na san inda take."

Sidiki ya ci gaba. Ya ce a Bolga an taɓa ɗaura auren keke da baro, suka haifi amalanke. Ya ce wani likitan dabbobi ne ya fara hura wa tayar keke iska don keken ɗansa ya daina jijjiga shi. Na ce biyu. Wannan karon Hajiya Kadiatu ta kaɗa, ta ce uba kaɗai zai yi irin wannan wahala, kuma ta dace. Ya ce ƙararrawa kunnen keke ce, shi ya sa in ka murɗa take kuka. Ya ce wasu 'yan uwa biyu, masu gyaran keke irinsa, su suka ƙera jirgin sama na farko da ya tashi da inji. Nan dariya ta fi yawa. Baba ya ce, "Ji yabon kai." Ni kuwa na ji birkin. Uku.

Uku sun cika. Duk abin da zai biyo baya ƙarya ne, haka doka ta ce.

"Kuma jama'a, keke na da farin jini," in ji Sidiki. Muryar ta sake sakin gudu. "Ni nan da kuke ji, da riga ɗaya da baƙin mai a farce, akwai wata yarinya a garin nan, ga kyau ga hankali. An ajiye mata ɗan Legas mai katifa da rediyo mai baki biyu, ta ce ita sam, sai mai gyaran keke. Ba ta ci, ba ta sha, ni kawai take tunani."

'Yan kallo suka kece. Hajiya Kadiatu ta ce, "Sidiki, ko ƙarya ai tana da iyaka." Ba wanda ya taɓa ƙararrawa.

A gidanmu Imoru ya fi kowa dariya. Ya dafa rediyonsa. "Kawu, ka ji? Mu ake nufi. Mun shiga rediyo."

Ni ban yi dariya ba. Da muryar ƙarya ya faɗe ta. Ya duba duniya, ya ɗauko abin da ya tabbata ba zai taɓa yiwuwa ba, ya ajiye shi kusa da keken da ke cin dusa. Kuma ni na sa ya yarda da haka.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na dai ji wake na zubewa a ƙafata. Daga inda nake zuwa tasar ba nisa, amma ranar sai na ga kamar Kumasi zan je a ƙasa. Na ratsa tsakanin tabarmi, na tsallake ƙafar wani, na isa gaban Baba. Na zare ludayin daga hannunsa. Bai hana ni ba, ina jin bai gane ni ba ne.

Na buga.

Ban san ina da ƙarfi haka ba. Kazar Mma ta tashi sama ta faɗa kan katanga.

Daga nan ba abin da ke magana a gidan sai akwati. Malam Issah na lissafo gaskiyoyin yau: keke marar feda, likitan dabbobi, masu gyaran keke da jirgin sama. Ya ce Sidiki ya tsere da biyu. Maganar yarinya ko ambatonta bai yi ba.

Gwaggo ce ta fara farfaɗowa. "To, ta faɗi. A ba ta jarka. Yarinya ba ta saba ba, hannunta ne ya zame."

"Daga can bayan uwarta ya zamo har nan?" in ji tsohuwar nan.

Baba bai kula su ba. Ni yake kallo. Na rasa inda zan ajiye ludayin.

"Lariba. Kin san dokar tasar nan?"

Na gyaɗa kai.

"Ba kai na tambaya ba. Baki."

"Na sani, Baba."

"Kuskure kika yi?"

Ƙasa ta ƙi tsagewa. Na roƙe ta, ta ƙi.

"A'a, Baba."

"Maganar da ya yi ta ƙarshe, ta yarinyar nan."

"Gaskiya ce."

Ko ni da ƙyar na ji kaina. Gwaggo ta ce, "Me ta ce? Ni ban ji komai ba."

Imoru ya cire baƙin tabaransa. Na daɗe ban ga idanunsa ba, ashe har yanzu irin na yarinta ne. Ya ce, "Ta ce gaskiya ce, Mama. Na ji, kuma duk gidan nan ni na fi son kada in ji." Ya juyo gare ni, ya yi ƙoƙarin murmushi. "Matata, saki ne haka a gaban jama'a? Ko ƙosai ba za a ba ni na sallama ba?"

Na ji ƙwalla ta taho. Da ya yi fushi da ya fi mini sauƙi.

Baba kuwa wani abu daban ke faruwa a fuskarsa. Ya ɗaga yatsu yana lanƙwasawa. "Feda. Likita. Jirgi." Ya tsaya a kan na gaba, ya dube shi, ya dube ni. Sai fuskar ta washe kamar an ce masa an sauke buhun shinkafa a ƙofar gida.

"Uku doka ta ce. Huɗu ya faɗa." Ya miƙe tsaye. "Asmawu, ya karya doka. Na kama shi. Yau dai na kama yaron nan."

"Lariba ce ta kama shi, Malam."

"'Yar wa ce?"

"Tahidu." Gwaggo ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya nutsu. "Ni na goya ka. Yau a gaban unguwa za ka kunyata ɗana saboda tasa da ludayi?"

Baba ya sauke murya shi ma. "Yaya, a gabanki na ce ta faɗa. Ta faɗa."

"Bugawa ta yi."

"Ta buga, ta kuma faɗa. Imoru ɗana ne, ba zan ba shi matar da za ta riƙa jiran Alhamis ba." Ya shiga ɗaki ya fito da hularsa ta Juma'a, ya jawo keke. "Lariba, hau. Gidan rediyo za mu. Ba a kai ƙara ba tare da shaida ba."

"In ka fita da yarinyar nan," in ji Gwaggo, "maganar ba ta ƙare ba."

"Na sani, Yaya. Mu dawo a ci gaba."

Haka na ratsa Tamale a bayan keken Baba, zaune a karkace, mayafi a fuskata, ina jin kamar duk mai tsaye a layin kananzir ya san abin da na aikata. Baba na tuƙi yana waƙa ƙasa-ƙasa. Tayar baya na ɗan lilo. Sau biyu ya ce wa iska, "Huɗu."

Mun tarar 'yan kallo na fitowa daga ƙofar gidan rediyon suna maimaita maganar keken da ya haihu. Sidiki ne ya fito ƙarshe, yana tura kekensa, kai a ƙasa. Ba za ka ce shi ya ci wasan ba. Da ya ga Baba sai ya durƙusa, hannu ɗaya riƙe da keke. Ni na laɓe a bayan babbar riga.

"Baba, barka da yamma. In maganar goro ce, gobe ƙanen mahaifina zai zo ya..."

"Wa ya yi maka maganar goro? Ƙara na kawo. Gaskiya nawa aka ba ka?"

"Uku, Baba."

"Nawa ka faɗa?"

"Uku."

"Huɗu."

Sidiki ya shiga lissafi. Ya ɗago a tsorace. "Baba, wallahi keke ba ya cin dusa."

"Na san wannan."

"Kofur ɗin ma ni na..."

"Kada ka tuna mini da kofur." Baba ya matsa gefe guda, ya bar ni a fili kamar an ɗage labule. "Ga shaidata. Tambaye ta."

Sidiki ya dube ni. Ya buɗe baki. Mutumin da ya aurar da keke ga baro a gaban duk Tamale, ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa. Ba abin da ya fito.

"Ikon Allah," in ji Baba. "Yanzu sun zama biyu."

Babu tukunyar da zan kalla. Sai na kalli yatsunsa, inda kokon safe ya bar masa ja.

"Ta ƙarshen," na ce. "Ta ƙarshen ba ƙarya ba ce."

Keken ya suɓuce daga hannunsa ya faɗi, tayar gaba na ta juyawa a sama. Bai ko waiwaye shi ba.

"Goronka zai kwana a gidana," in ji Baba, yana gyara hula. "Ni na samu makina, tsakanina da kai an gama. Amma kada ka fara murna. Akwai Yaya, ita kuwa tun da nake ban taɓa jin wani ya ba ta dariya ba."

Bai rufe baki ba muka ji ƙararrawa daga bayanmu. Muka juya. Can kan hanya Imoru ne a kan keken maƙwabcinmu, yana taka feda da takalmin nan mai tudu, gumi na zuba, fuskarsa na cewa ba laifina ba ne. A bayansa Gwaggo ce zaune ƙiƙam. Mayafin ruwan tokan ba ya kafaɗarta. Ta ɗaure shi tamau a ƙugu.

Sidiki ya matso kusa da ni. Muryarsa ta dawo, 'yar ƙarama.

"Lariba, waccan fa?"

Na ce, "Ita ma gaskiya ce."